Akuyar Kirsimeti da kwanon Inna

Shekarun baya, ina budurwa a ƙauyenmu da ke tsakanin Gaya da Ajingi, na yi wata Kirsimeti da gabana ya wuni yana faɗuwa.

Gidajen Kirista a garin ba su da yawa. Katangarmu ɗaya da wani dattijo Musulmi da muke kira Baffa, matarsa kuma Inna. Mahaifina yakan ce zaman gidajen biyu ya samo asali tun kafin zuwan Turawa, lokacin da kakanninsu suka haƙa rijiya tare. Kowace Kirsimeti Baffa ne ke yanka mana akuya, domin maƙwabta su ci abincinmu hankali kwance. Kwanon farko na Inna ne, ni ke kai mata, kuma ba ta taɓa mayar da shi haka ba, sai da soyayyar gyaɗa a ciki.

A shekarar, ana saura 'yan kwanaki biki, Inna ta rasu.

Muka yi kuka, muka yi zaman makoki da su. Sai ga akuya a ɗaure, ga biki ya matso. Mahaifina ya ce ba shi da idon da zai kalli mutumin da ya binne matarsa ya ce masa zo ka yi mini yanka. Mahaifiyata ta ce in ya yanka da kansa babu maƙwabcin da zai ci, in kuma ya kira wani, Baffa zai ga an tsallake shi. Duk ta inda aka juya, tsoronmu ɗaya ne, kada murnarmu ta ɓata zumuncin da muka gada.

Ni kuwa, da ma Allah ya yi ni da zullumi. Na ɗora wa kaina aikin hana akuya kuka. Na ba ta dusa, na ba ta harawa, har lallashinta na yi kamar jaririya. Tana gama ci sai ta ɗaga kai ta kwarara wani kukan, daidai saitin tabarmar masu ta'aziyya.

Ranar biki muka tafi sujada a coci, muka bar akuyarmu a raye, shinkafa kuma babu nama. Ni ce mai ba da waƙa a cikin 'yan mata, amma bakina ne kawai ke motsi. Al'adarmu, in an tashi, matan zumuntar coci su rako kowa gida da kiɗan tulu da rawa, hanyar kuma ta ƙofar Baffa ta bi. Mahaifiyata ta roƙe su a bar kiɗa bana. Na rufe tulun da gyalena, muka taho shiru kamar waɗanda suka yi laifi.

Muna shan kwana na hango Baffa zaune a dakalin gidanmu, wuƙarsa a kan cinya. Muka ƙarasa wurinsa. Mahaifina ya durƙusa ya gaishe shi, ya fara kame-kame.

Baffa ya ce, “Tun hantsi nake jiran a kira ni. Ko don ita ta tafi shi ke nan an sallame ni?”

Mahaifina ya ce, “Yaya, kunya ce ta hana ni.”

“Kunyar me? Jikokina tun jiya suke tambaya ko bana babu shinkafar gidanku. Akuyar nan ma ta hana ni sakat. Kawo ta.”

Da ya gama yanka ya wanke hannu, sai ya dubi abin da na ƙunshe a gyale. Ya ce duk shekara Inna takan tsaya jikin katanga ta saurare mu, mu yi waƙarmu a cikin gida, shirun ya ishe shi. Muka yi, a hankali, mahaifiyata tana rawa tana share hawaye.

Da abinci ya nuna, ta cika kwanon nan na farko ta miƙo mini. Na kai, na ajiye a gaban Baffa, na juyo da sauri don kada in yi kuka a gabansa.

Abin da na koya shi ne, mun yi ta tsoron kada murnarmu ta yi masa ciwo, ashe ware shi da muka yi ne ya fi yi masa ciwo. Har yau in na ji ana cewa a rage biki saboda wani yana cikin baƙin ciki, nakan ce a fara tambayarsa tukuna.

Washegari Baffa da kansa ya yi sallama ya miƙo kwanon. Na buɗe, gyaɗa ce cike, ɗanya, ko ɓarewa ba a yi ba. Ya ce, “'Yata, ku yi haƙuri, ni ban iya suyar ba.”