Tutar da aka ba ni a Dagenham

Ana ruwa, ina tsaye bakin fili a Dagenham riƙe da tuta. A wasan ƙwallon yara, kowace ƙungiya kan ba da uba ɗaya ya taimaki alƙali. Yau ni aka ba.

Alƙalin kuwa ɗan unguwar abokan karawarmu ne. Duk ƙetar da yaransu suka yi, bai gani ba.

Dab da tashi ɗana Sadiq ya ci ƙwallo, amma satar gida ce ƙarara. Na ɗaga tuta. Wannan kam alƙali ya gani nan take, ya soke ƙwallon.

A mota Sadiq ya ce, "Baba, su referee nasu ne. Mu ko kai ba mu samu ba."

Na ci gaba da tuƙi har muka iso gida Croydon. Na gaji wallahi.

Iyaye, da ku ne za ku ɗaga?