Zuwa Jugu da Takardun Ɗana

Mun bar gida a Titiru, unguwarmu a Paraku, ana idar da sallar asuba, mu uku: ni, da ɗana, da yayata wadda ta ce ba za a je Jugu a bar ta ba. Kafin in shiga labarin hanya zan faɗi dalilin tafiyar, domin ba na son magana a hargitse. Aikina shekara da shekaru shi ne tsara layin manyan motocin da ke ɗaukar kayan Nijar a tashar jirgin ƙasa ta Paraku. Wadda ta fara zuwa ita ke fara lodi. Haka zan ba da labarin nan ga iyayen yara na unguwarmu da suka tambaye ni yadda muka yi.

Ɗana ya ci jarrabawar bak, ta kammala sakandare, a ɓangaren lissafi. Ya yi shekararsa ta bautar ƙasa, ya koyar a wani ƙauye, ya sa kaki ya yi fareti kamar yadda hukuma ta ce. Yanzu yana son karatun injiniya, na hanyoyi da gadoji. Hanya biyu ce a gabansa. Ko ya nemi gurbi cikin waɗanda gwamnati ke rabawa a waje, Rasha ko Jamus ta Gabas ko Kuba, ko ya nemi makarantar injiniyoyi ta gida, wadda ake shiga da jarrabawa mai tsanani. Wanda ya nemi waje bai samu ba, kafin sunaye su fito an rufe rajistar ta gida, ya yi asarar shekara. Kwana goma suka rage a rufe karɓar takardu a Kwatano. Shi zuciyarsa na Rasha. Ni kuma na ce ba za mu zaɓa da ka ba.

A Paraku kowa ya zama masani. Mai nama ya ce a nemi waje, mai faci ya ce yana da wanda ya san wani. Ban saurari ko ɗaya ba. A Jugu akwai injiniyan hanyoyi, ɗan tsohon maƙwabcinmu lokacin da muke zaune can. Ya yi karatunsa a Rasha, kuma an taɓa kiransa ya taya tantance irin waɗannan takardu. Na ce wajensa za mu, ya duba ya faɗa mana gaskiya.

Motar da muka samu irin mai rufin tamfol ce, benci biyu a baya suna kallon juna. Direba ya ce saura mutum ɗaya mu tashi. Mutum ɗayan nan har rana ta fito sosai bai cika ba, alhali an ƙara mutum huɗu da buhun gari da keke. Na rungume ambulan ɗin takardun a ƙirjina cikin leda biyu, saboda damina ce. Da hannuna na jera su a gida: sakamakon bak a sama, sai sakamakon shekara uku na lise, wato babbar sakandare, sai shaidar bautar ƙasa, sai shaidar kwamitin unguwa, takardar haihuwa a can ƙasa.

Muna fita gari muka tarar da shingen jandarma. Aka ce kowa ya fito da katinsa. Wani matashi cikinsu ya miƙa wa yayata hannu ya ce, “Kamarad, takarda.” Ta dube shi daga hula har takalmi ta ce, “Wace ce kamarad? Na yi jika da kai. Ka ce Hajiya.” Ya yi dariya ya ce Kamarad Hajiya, aka rabu a haka. Da ya karɓi katin ɗana ya karanta sunan da ke jiki, sai ya ji yayata ta kira shi da wani suna dabam. Ya ɗaga gira. Ɗana ya ce masa wancan na gida ne, wannan na lakwal, wato makaranta. Jandarman bai ja ba, domin rabin yaran ƙasar nan haka suke.

Hanyar Jugu jar ƙasa ce, ruwa ya cinye gefenta. Inda ta bushe sai ta yi ta kaɗa mutum har haƙoransa su haɗu, inda ta jiƙe kuma mota ta yi ta rawa. Sau ɗaya muka kafe, maza suka sauka muka tura, mai keken ya tsaya gefe yana ba da umarni har na ce masa ya sa kafaɗa ko ya hau kekensa. Mun wuce 'yan makaranta a jere da fartanya a kafaɗa za su gonar lakwal, malaminsu na baya riƙe da lema shi kaɗai.

A Beteru, bakin kogi, muka tsaya shan ruwa. Kogin ya cika ya yi ja. Mata na sayar da busasshen kifi da sabuwar doya, araha ƙwarai in aka gwada da kasuwar Paraku, ga Fulani da wagashi, cukunsu mai jan baya. Yayata ta sayi doya kamar za ta buɗe rumfa. Na nemi ɗana na rasa, ashe ya gangara ƙarƙashin gada yana duba ƙafafunta. Ya dawo wandonsa duk laka yana gaya mini inda ruwa ke cin gindin ɗaya. Na ce masa ya fara samun gurbin tukuna.

Mun shiga Jugu da azahar, muka sauka gidan dangi a zango. Aka kawo sakwara da miyar gyaɗa. Zan faɗi gaskiya, ta Jugu ta fi tamu laushi. Bayan la'asar muka nufi gidan injiniyan mu uku.

Ya tarbe mu da kyau, ya durƙusa ya gaishe ni da yayata duk da gemunsa da tabarau. Ya ce, “Baba, da ka aiko, ni zan zo.” Na ce mai nema shi ke tafiya. Na ɗora ambulan a teburinsa na fara bayani daga sakamakon bak. Ya bar ni na gama. Sannan ya ɗauki takardun gaba ɗaya ya kifa su, ta ƙasa ta koma sama.

“Baba, ba haka suke karantawa ba. Takardu sun yi tsibi, gurabe kaɗan ne. Ba wanda zai fara da neman mai ƙoƙari. Da wanda za a cire ake farawa. Shekaru tukuna. Wanda ya wuce iyaka a ajiye shi gefe, ba a ko buɗe makinsa. Sannan ɓangaren da ya karanta. Sannan lissafi da fizik na shekara uku, ba na ranar jarrabawa kaɗai ba. Sauran shaidu daga baya.”

Ya bi su ta baya domin ya nuna mana. Lissafi ya ce ba abin cewa. Fizik ya sa yatsa a shekarar tsakiya ya ce nan an yi barci, ɗana ya sunkuyar da kai. Ya ce duk da haka da maki ne kaɗai, da ya sa shi cikin waɗanda ake muhawara a kansu. Sai ya koma kan takardar haihuwa, ya ƙirga da yatsu, ya sake ƙirgawa.

“Ya wuce iyakar waje da shekara ɗaya.”

Ɗana ya ce, “Ban taɓa maimaita aji fiye da sau ɗaya ba, Yaya.”

“Na gani. A takarda ka shiga lakwal a makare.”

Yayata ta gyara mayafinta ta dube ni. Ta ce, “Kai za ka faɗa ko ni?”

Ni na faɗa, domin ni na yi. Kafin wannan yaron mun haifi wani a nan Jugu. Shi na je kotu da shaidu biyu na yi wa takardar haihuwa. Bai cika shekara biyu ba ƙyanda ta ɗauke shi, wata kaɗan kafin a haifi wannan. Ba wanda ya je ofis ya ce ya rasu, ba a yin haka a lokacin. Wannan kuma ban yi masa takarda ba, na ce sai an natsu, sai muka koma Paraku. Ranar da na kai shi lakwal darakta ya ce ba takarda ba rajista. Jugu da nisa, aiki ya yi yawa, ga takarda a akwati ba mai amfani da ita. Maƙwabta da yawa sun yi haka, wani da ta wansa, wani da ta ɗan baffansa. Na ɗauko na miƙa. Tun ranar yake amsa sunan yayansa a makaranta, da shekarun yayansa. Mun ce masa sunan lakwal ne kawai. Uwarsa ba ta son a ta da zancen, ni kuma na ga ba shi da amfani.

Sai na ce wa injiniyan, tunda a gaskiya yaron yana ƙasa da iyaka da shekara ɗaya, gobe da safe zan je kotu. Ga yayata shaida, wanzamin da ya yi masa aski ranar suna yana raye, limamin ma yana nan.

Ya girgiza kai. “Baba, za su ba ka sabuwar takarda, ban musa ba. Amma sai ta zama ta wani yaro da bai taɓa shiga aji ba. Satifiket ɗin firamare, da na tsakiya, da bak, duk da sunan marigayi suke. Kafin a bi su ɗaya bayan ɗaya a gyara, shekarun gaskiyar ma sun wuce. Kuma in ka haɗu da mai neman suna a ofis, ya ce maguɗi ne, bak ɗin kansa sai an yi shari'a a kai.”

“To me ya rage?”

“Ta gida. Iyakarta ta fi faɗi, bana yana ciki, baɗi ba ya ciki. Can ba ruwansu da abin da ya yi a lise, abin da ya rubuta ranar shi ne. Lissafinsa zai ɗauke shi. Fizik ne zai kayar da shi in bai tashi tsaye ba. Waje babu, kada ku ɓata kuɗin tambari. Gida akwai, amma sau ɗaya.”

Ya shiga ciki ya fito da tsofaffin tambayoyin jarrabawar da wani littafin fizik da bangonsa ya cire, ya ba ɗana. Ya ce masa, “Ƙanena, sanyin Rasha ba abin marmari ba ne, yatsana ɗaya har yau ba ya jin zafi. Gadar da za ka gina a nan take.” Ɗana ya karɓa da hannu biyu, ya yi godiya, bai dube ni ba.

Muka kama hanyar masauki har muka kusa. Sai ɗana ya ce wa yayata, ba ni ba, “Gwaggo, kin san inda aka sa shi?”

Washegari bayan mun karya muka je maƙabarta. Kabarin jariri na shekara ashirin da wani abu ba ya barin alama. Yayata ta tsaya wajen wata kaɗanya ta ce daga nan zuwa can ne. Muka yi addu'a. Da muka shafa na ce wa ɗana, “Laifina ne. Na tsallake abu ɗaya da ya kamata in yi a kan lokaci, kai ka biya.” Ban taɓa gaya wa ɗa nawa irin wannan magana ba.

Ya dubi ƙasar gindin kaɗanyar. Sannan ya ce, “Baba, kada ka je kotu. Shekara goma sha huɗu ina rubuta sunan nan a saman takarda ban san na wa ne ba. A bar shi. In na ci, mu biyu ne.”

Yayata ta ja hanci ta ce to a tafi, rana na yi, doyarta na jira.

Dawowa ta fi sauƙi, domin ba a yi ruwa ba. Ɗana ya buɗe littafin fizik tun daga tasha, mota na jefa shi yana riƙe da fensir. A Beteru bai sauka ba. Mun iso Titiru kafin magariba. Da na yi sallah na kira uwarsa na gaya mata duk yadda aka yi, ta yi kukanta, ta tashi ta zuba masa tuwo.

Kwana biyu bayan haka na raka shi jirgin Kwatano da takardunsa, zaɓi ɗaya a rubuce: makarantar gida. Ya kai, an karɓa, an ba shi lambar zama. Yanzu yana ɗakin zaure, na hana kowa aikensa ko da sayen ashana ne har ranar jarrabawa. Ban san ko zai ci ba. Na san dai a wannan karon za a buɗe takardarsa a karanta.

Abin da na koyo shi ne wannan. Na farko, kafin ka tambayi ko ɗanka na da ƙoƙari, ka tambayi da me ake cire mutane, ka fara dubawa daga nan. Na biyu, ka je wajen wanda ya taɓa zama a teburin, ko da nisa, ka bar masu cewa sun san wani. Na uku ya fi su nauyi. Na buɗe akwatina na duba takardun sauran 'ya'yana biyar, na tarar ƙaramar ba ta da ko ɗaya. Ranar Litinin na kai ta kotu da shaidu biyu, aka rubuta ta da sunanta. Duk wanda ya san ɗansa na zuwa lakwal da takardar wani, ya je ya gyara tun yaron na aji ɗaya.