Hasumiyar da Na Tokare Janareto da Ita

Shekarun da ake shimfiɗa layin dogo a Idu da ke babban birnin tarayya, ma'aikatarmu ta ɗora ni a kan duba aikin. Can na saba da wani injiniya ɗan ƙasar Sin, dattijo mai sanyin magana. Ni kuwa bakina ba ya hutawa, shi ya sa tamu ta zo ɗaya.

Wata rana ya ba ni kyautar 'yar hasumiya ta katako, ba ta fi kamu ɗaya ba, hawa tara, kowane hawa da rufinsa. Ya ce siffar wata hasumiyar ibada ce ta mabiya addinin Buda a garinsu, wadda ta girmi ganuwar Kano. Gobara ta sha cinye ta, ana sake ginawa. A ƙarƙashinta aka tono akwatin dutse, cikinsa na azurfa, cikin wannan kuma na zinariya, ga littattafai rubutattu a kan alharini. Lokacin da aka yi ta rushe wuraren ibada a ƙasarsu, kakansa ne ya ɓoye littattafan a rumbun shinkafa. Shi kakan ne kuma ya sassaƙa wannan 'yar ƙaramar.

Na ɗora ta a kan talabijin ina ta yi wa baƙi burga. Sai yayana ya kawo kaya daga Kano, ya sauka a gidana. Kallo ɗaya ya yi mata ya ce, "Yanzu boko har ya kai ka ajiye gunki a falo? Mala'iku sun daina shiga gidan nan." Na san gini ne, ba mutum-mutumi ba, amma ban iya musu da Yaya ba. Na kai ta ɗakin janareto. Da injin ya karkace, ni da hannuna na tokare shi da ita.

Ran Babbar Sallah na gayyaci injiniyan cin nama. Aka ɗauke wuta, janareto ya ƙi tashi. Kafin in hana shi ya naɗe hannun riga ya biyo ni. Yana durƙusawa gaban injin ya ga hasumiyar, baƙin mai ya jiƙe ta, hawa biyu sun karye. Kunya ta kama ni, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ya zaro ta, ya goge da hankicinsa, ya daɗe yana dubawa.

Sai ya mayar da ita inda take, ya gyara mata zama.

"Oga," in ji shi, "in babu ita, zai sake karkacewa."

Ya tayar da injin, ya ci namansa, ya yi godiya. Har aikin ya ƙare muna gaisawa, amma bai ƙara ba ni labarin garinsu ba.