Shanun Inna a Kwamfutar Ofis

Ina cikin shekarata ta tara da fara aikin buga takardu a wani ofishi a Dutse aka kawo mana sabon shugaba. Kwamfuta ɗaya ce mai lafiya a sashenmu, kuma a teburina take, don haka duk wata wasiƙa ta hannuna take bi.

A shekarar ne Inna, mahaifiyata, ta fara mantuwa. Sai ta ajiye carbi ta yi ta nemansa alhali yana wuyanta. Amma in aka taɓo zancen rugar da ta tashi, can wajen Garki, ba abin da ke kuɓuce mata. Ta san kowace saniya ta garken mahaifinta, da kamanninta da halinta, har da wata ja mai karyayyen ƙaho da ba ta yarda kowa ya tatse ta sai ita. Ranar Asabar nakan tashi daga unguwarmu ta Takur in je in wuni ina saurarenta. Ranar Litinin kuwa, in an tashi hutun azahar na idar da sallah, sai in buga abin da na riƙe kafin ni ma ya gudu mini. Na sa wa fayil ɗin suna “Shanun Inna”.

Na san kwamfuta tana ajiye jerin fayilolin da aka buɗe kwanan nan, a ga na ƙarshe a sama. Ban taɓa damuwa da shi ba. Wanda ya yi sata ne ke share sawunsa.

Wata Laraba na dawo daga alwala na tarar da shugaban zaune a kujerata. Wai wata wasiƙa ya zo nema da kansa, sai idonsa ya faɗa kan jerin. Har ya kira mutanen ofis sun tsaya a kansa.

“Malama, mene ne kuma Shanun Inna?” ya ce. “Kiwo muke yi a nan?”

Aka yi dariya. Ya buɗe, ya karanta layi biyu yana kwaikwayon muryar tsohuwa. Da ni ya yi wa ba'a, da na shanye.

“Ranka ya daɗe, lokacin hutuna nake yi,” na ce.

“Kayan gwamnati ne. Ki goge shi yanzu a gabana.”

Wata abokiyar aikina, wadda ta girme ni har nake ce mata Yaya, ta matso ta riƙe mayafina. “Ki ba shi haƙuri,” ta ce a hankali. “Ki goge, ki share jerin ma gaba ɗaya, a wuce wurin.”

Na zare mayafina. Na sunkuya na kama linzamin kwamfutar, na ja jerin ƙasa.

“Yallaɓai, tunda an fara karatu, a ƙarasa mana. Ga katin gayyatar ɗaurin auren ƙaninka, jiya na buga. Ga takardar neman fili ta Hajiyarka. Ga jawabin da ka yi a taron ƙungiyar garinku, sau uku ka dawo mini da shi. Waɗannan duk a lokacin aiki ne, ba a hutu ba. Da wanne zan fara?”

Masu dariya suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya. Shi kuwa ya miƙe, ya gyara hularsa, ya ce zan ji daga gare shi.

Na ji kuwa. Washegari aka miƙo mini takardar tuhuma kan rashin ladabi. Abin da ya ba ni dariya, da hannu aka rubuta ta, don ba wanda zai buga sai ni. Na ba da amsa a layi huɗu, ban sa kalmar haƙuri ko ɗaya ba. Mijina ya ce na cika taurin kai, amma da na gaya masa yadda aka kwaikwayi muryar Inna, sai ya janye maganarsa.

Bayan mako uku aka mayar da ni aiki garin Miga. Na kwafi fayil ɗina a filash, na kuma bar na cikin kwamfutar yadda yake, a saman jerin, duk mai son karantawa ya karanta.

A Miga wuta ba ta cika zama ba, tafiya tsakaninta da Dutse kuma tana cin rai, musamman da damina. Na sayi littafin rubutu mai kauri na ci gaba da biro. A can na gamu da wani dattijo makiyayi da ke zuwa kasuwa, wanda ya san dangin kakana, ya cike mini gurabe da yawa. Shekara biyu na yi. Da aka tambaye ni ko ina so a roƙa mini in koma Dutse, na ce a bari tukuna, ban gama ba.