Gardamar Kakata da Babanta

Shekarun baya, zamanin mulkin soja, ina 'yar sakandare a Kafanchan aka kawo mana sabon malamin tarihi daga jami'a. Yana son ba mu labarin masanan Girka: wane ya ce kaza, ɗalibinsa ya ƙi yarda, na bayansa ya ƙaryata su duka. Kowa da sunansa a allo.

Da hutu ya zo, ya ce kowa ta tambayi wani tsoho me mutanenmu suke cewa game da mutuwa.

Na sami kakata a ƙauye kusa da Zonkwa tana tsaga citta. Da yarenmu ta amsa, ni na mai da Hausa. Ta ce, "Babana ya ce wanda ya mutu yana dawowa cikin jikoki. Ni ban yarda ba. An ce ke ce uwata ta dawo, to don me kike riƙe wuƙa kamar mai tsoron ta cije ki?" Ta ce fasto ma ta tambaye shi, bai gamsar da ita ba. A ganinta hali ne ke dawowa, mutum ya tafi ke nan.

Na rubuta komai, har inda ta yi tsaki.

Ran nan malam ya karanta aikina a aji, ya yaba, sannan ya rubuta a allo: "Ƙabilar nan ta yi imani matattu suna dawowa." Shi ke nan. Kunnuwana suka yi zafi. Ni da ko izinin fita ba na iya nema, sai ga ni tsaye.

"Malam, kakata cewa ta yi ba ta yarda ba."

"Wannan ra'ayin tsohuwa ɗaya ce. Al'ada muke nazari. Zauna."

"Girkawan ma ai ɗaiɗai ne."

Yinin ranar na yi shi ina noman ciyawa a bayan ofis, ina kukan haushi.

Da na gaya wa kakata, ta ajiye wuƙar. "Tun ina budurwa nake gardama da babana, har ya shiga kabari ban sauka ba. Yanzu yaron nan ya sulhunta mu bai tambaye ni ba?"

Har yau in na karanta "mutanen wuri kaza sun yarda cewa", raina yakan ɓaci. Sai in ce: wa ya faɗa, kuma wa ya yi tsaki?