Ramin Juye a Ƙofar Gidan Baba

A shekarun da kuɗin man fetur ya fara shiga hannun mutane na sayi ƙaramar bas ta hannu, ina jigilar 'yan kasuwa da kayansu tsakanin Kazaure da Babura. Mota ce mai haƙuri, amma duk ranar juyen baƙin mai da ɓacin rai nake tashi. Cikinta kusa yake da ƙasa. Sai na ɗaga ta da jak, in tokare da duwatsu, in shimfiɗa buhu in kutsa a rigingine. Notin da ake kwancewa mai ya zubo yana can inda hannu ke kaiwa da ƙyar. Da ya kwance sai mai ya biyo sifana da zafinsa har gwiwar hannuna, rabi a daro, rabi a ƙasa.

Ƙanena, wanda ni na koya wa tuƙi, shi ma ya sayi tasa daga baya, yana zaune a gidan mahaifinmu a Roni. Wata rana na je gaida Baba, na tarar mutane sun kewaye motarsa a ƙofar gida. Rami ya haƙa mai zurfi zuwa ƙirji, ya shafe gefensa da siminti, ya yi masa matakala. Mota ta tsaya a kai, shi kuwa yana ƙasa a tsaye abinsa. Ya rataye mazurari da waya a ƙarƙashin notin, ya haɗa shi da tiyo mai kai tsohon mai cikin galan. Da farar riga ya shiga, da farar riga ya fito.

Baba yana kan tabarma yana gaya wa abokansa cewa wannan yaro Allah ya ba shi kai. Shekarata nawa ina tuƙi, ban taɓa jin ya faɗi haka a kaina ba. Kuma ni na fara kawo maganar ramin, wata rana ni da ƙanen nawa muna cin abinci a tasha, na ce zan yi irin na garejin Kano a gida. Ko ya tuna, ko bai tuna ba, ban sani ba.

Ƙanena ya rusuna ya gaishe ni, ya ce, "Yaya, ka kawo taka duk sa'ad da ka ga dama."

Na ce masa tawa ba ta buƙata.

Ina komawa Kazaure na ɗauko masu haƙa. Ba su yi nisa ba diga ta ci karo da fa. Muka matsa gefe, nan ma dutse. Maiɗakina ta ce tunda an riga an haƙa, a dasa lemo. Na ci gaba da kutsawa a kan buhu, direbobi kuwa suna ta zarya zuwa Roni yin juye. Har wani sabon direba ya tambaye ni a tasha wai ko ni ne yayan mai rami. Ranar abinci ma bai yi mini daɗi ba.

Da damina ƙasa ta yi laushi. Ina kwance a ƙarƙashin mota jak ya nutse, dutse ɗaya ya zame, ta sauko ta danne mini kafaɗa. Maƙwabta ne suka taru suka ɗaga ta, aka jawo ni. Ban karye ba, amma labari ya kai Roni, Baba ya zo da kansa. Bayan ya yi mini sannu ya ce, "Kada in sake jin ka shiga ƙarƙashin mota a kan duwatsu. Ka kai ta ramin ƙanenka." Maganar Baba ba a musa ta.

Da na warke na kai ta. Na sauka ramin, na tsaya a miƙe, na ga cikin motata sarai, har da inda take ɗigar da mai, abin da na daɗe ina nema. Kafin shayin da aka kawo mini ya huce na gama. Sauƙin aikin ne ya ƙara ƙona mini rai. Na tsaya ina dube-dube ko zan sami aibu, na samu: matakalar ƙarshe ta yi tsayi, mutum zai iya faɗuwa. Na gaya wa ƙanena a gaban mutane. Ya duba, ya ce gaskiyar Yaya ce.

Da na koma juye na gaba ya riga ya gyara ta, direbobi suna hawa suna sauka suna yaba masa. A ramin nan na ci gaba da juye har na sayar da motar.