Tchima a Ƙauyen Turawan Farko

Tchima ta bar ƙauyensu da ke gefen Tasawa da ƙudurin cewa ita da taɓarya sun yi sallama. Tun tana ƙarama take daka har tafin hannunta ya yi kanta. Da mijinta Tahirou ya ci cacar biza ya kawo ta Greensboro a shekarar 2003, abin da ta fara tambaya shi ne ko da gaske a nan garin tuwo a leda ake sayensa.

Suka kama haya a wani bene a titin High Point. Tahirou ya samu tuƙin motar kaya, ita kuwa ta shiga neman aiki. A wani otal aka ce sai ta cire ɗankwali, a wani kanti aka ce Turancinta bai nuna ba. Maƙwabcinsu Choji, mutumin Jos, shi ya ce ya san wani wuri a McLeansville da ba za a taɓa mata ɗankwali ba, su ne ma za su ƙara mata wani.

Wurin na wani tsohon likitan haƙori ne, Dokta Pruitt. Bayan ya yi ritaya ya gano, ko dai ya yanke shawara, cewa kakan kakanninsa yana cikin Turawan Ingila da suka fara sauka a gaɓar ƙasar nan. Sai ya share gonar tabar mahaifinsa ya gina ƙauye irin nasu: ɗakunan yaɓe da jinka, shingen itace mai tsini, rijiya, rumbu, da ɗan ƙaramin coci. Teku yana can nesa, amma wannan bai hana shi ajiye jirgin ruwa a kududdufin da shanu ke sha ba. Ana kawo 'yan lakwal, wato yaran makaranta, cikin motoci masu ruwan ɗorawa su ga irin wuyar da magabata suka sha.

Turawa ya so ya ɗauka aiki. Sun zo kuwa, suka ɗanɗana hayaƙi da sauro, suka kama gabansu. Haka aka yi Choji ya zama gwamnan ƙauyen, da takobi da hula mai gashin tsuntsu, wani ɗan Meziko ya zama maƙeri. Tchima aka ba ta doguwar riga mai kauri har idon sawu da farar hula da ke rufe gashi ruf, aka ce daga yau sunanta Alis, matar manomi. Sannan aka zagaya da ita bayan ɗaki aka nuna mata kayan aikinta: turmi, taɓarya, da kwandon masara.

Ta daɗe tana kallonsu.

"Choji, wasa ake yi mini?"

"Wasa ne mana, duk wurin wasa ne," in ji shi. "Amma ana biya ranar Juma'a."

Da safe ta ja ruwa a rijiya, ta hura wutar icce, ta watsa wa kaji tsaba, ta hau daka. In yara suka taru sai ta jingine taɓarya ta ba su labarin da aka sa ta haddace. Mutanen sun taso daga Ingila ne neman zinariya, da yawansu 'yan gata ne da ba su taɓa riƙe fartanya ba. Suka kafa gari a fadamar da ruwanta ke da gishiri. Sanyi ya zo, abinci ya ƙare, suka cinye dawakansu, suka koma kan karnuka da ɓeraye da fatar takalmi. Masarar mutanen da suka tarar a ƙasar ce ta raya waɗanda suka rage. Daga baya aka kawo musu mata a jirgi, kowane ango ya biya kuɗin jirgin amaryarsa da ganyen taba. Abin da ya biyo baya tsakaninsu da masu masarar, Dokta Pruitt ya ce ta taƙaita shi da cewa an samu ɗan saɓani.

Tchima tana tausaya musu da gaske. Ita ma da labarin zinariya ta shigo jirgi.

Laifinta ɗaya a wurin Dokta Pruitt shi ne fara'a. Da hannunta ya faɗa sai ta manta, ta riƙa jefa taɓarya sama tana tafi tana cafewa. Ya kira ta gefe ya ce mutanen nan cikin ƙunci suke, ta daure ta riƙa nishi. Ta koyi share goshi da bayan hannu. Malaman yara kuma sukan matso su sassauta murya su tambaye ta ko baiwa take kwaikwaya. Ta kan gyara hula ta ce, "Ni Alis ce, daga Ingila na zo."

A gida dai abin da aka sani shi ne Tchima tana aiki a biron tarihi, wato ofis. Haka take faɗa a waya, kuma ba ƙarya ce zalla ba.

A 2006 ta haihu, mahaifiyarta Inna Jimmai ta zo zaman jego. Tsohuwar ba ta ji daɗin Amurka ba. Wuni take a bakin taga ba mai sallama, ta gaida maƙwabta su yi murmushi su rufe ƙofa. Ranar da ta sa turaren wuta na'urar hayaƙi ta kwarma ihu har aka fito daga sauran gidajen. Da lokacin komawar Tchima aiki ya yi, Inna ta goya jaririya ta tsaya a bakin ƙofa ta ce ba za a sake kulle ta ba, a tafi da ita biron. Tchima ta kawo uzuri iri-iri, duk ba wanda ya karɓu.

Inna ta shiga ƙauyen. Ta taɓa jinka, ta leƙa rumbu, ta duba rijiya. Sannan ta zagayo ta tarar da 'yarta cikin farar hula riƙe da taɓarya.

"Wannan shi ne biron?"

"Shi ne, Inna."

"Har Yamai muka raka ki muna kuka, ashe daka kika taho yi."

Tchima ta yi mata bayani cewa kwaikwayo ne, ana nuna wa yara yadda kakannin Turawa suka zauna.

"Kuma biya suke su kalli daka?"

"Suna biya."

"Ni tun kafin a haife ki nake yi, ko akuya ba ta taɓa tsayawa kallo ba."

Ta nemi inuwar bangon coci ta zauna, ta cire takalmi ta sa ƙafa a ƙasa. Tun saukarta garin, ranar ce ta fara yin barcin rana. Daga nan kullum da ita ake zuwa. Dokta Pruitt ya ba ta farar hula, ta ɗora a kan ɗankwalinta, tana ɓarar masara tana yi wa kaji faɗa, yara suna ɗaukar ta hoto a matsayin kakar Ingila. Azahar da la'asar a bayan rumbu take yi.

Wata rana ta sa Choji ya ba ta labarin mutanen da Hausa tun daga farko. Da ya gama ta ce, "To su masu masarar, ina nasu ɗakin?"

Ya nuna mata wani allo a bakin ƙofa mai zanen mutum riƙe da baka. "Wannan aka yi musu, Mama."

Ta kalli allon. "Namu Faransawa ne. Kakata ta ce su ma da ƙishirwa suka iso."

Da bizarta ta ƙare ta koma gida, ta ba da labarin cewa a duk Amurka wuri ɗaya ne mutum zai zauna ya ji shi mutum ne, shi ma na ƙarya ne.

A shekarar da ta biyo, daidai lokacin da ake bikin cika shekara ɗari huɗu da saukar Turawan, Dokta Pruitt ya rasu. 'Ya'yansa ba su tsaya wata-wata ba suka sayar wa wani magini filin. Aka ture ɗakunan, aka jera gidaje masu gareji, aka bar wa unguwar tsohon sunan wurin, wato Ƙauyen Mazaunan Farko, don yana jawo masu saye. Ba a gama ginin ba kasuwar gidaje ta rushe, suka zauna babu kowa. Tchima, wadda a lokacin ta samu aikin wanki a wani gidan tsofaffi, ita ta matsa wa Tahirou suka karɓi ɗaya da rahusa a ƙarshen 2009. Suna cikin waɗanda suka fara tarewa.

Unguwar tana da kwamiti, kwamitin yana da dokoki: ba shanya a waje, ba kiwo, ba shuka a gaban gida sai ciyawa. Tchima ta shuka kuɓewa da yakuwa a bakin ƙofarta. Wata mata daga kwamitin ta zo da murmushi ta ce abin yana ɓata tsarin unguwa. Tchima ta ba ta ruwa ta sha, ta raka ta har titi, washegari ta tumɓuke shukar ta mayar bayan gida inda ba a hangowa.